Shunin Kura a Birnin New York

Litinin, 20 ga Oktoba, 2025

Da safe aka kafe jadawalin duba aiki na tsakiyar zango a ƙofar ɗakin aikinmu. Nawa ya faɗo Laraba ta sama, 29 ga wata. Malamai uku za su zauna, da baƙo ɗaya daga waje, da duk 'yan ajinmu, a shimfiɗa abin da na yi tun Satumba a yi ta tambaya. Shekarata ta biyu ke nan, kuma abin da aka amince da shi a wannan zama shi zan ja har baje kolin kammalawa a watan Mayu.

Mutanen gida har yau ba su gane irin karatun ba. Inna in an tambaye ta sai ta ce ina mastas ɗin ɗinki. Digirin sunansa MFA, shekara biyu ne a yawancin makarantu, kuma nauyinsa ba a kan jarrabawa yake ba. Ana ba ka teburi da injuna da malamai waɗanda su kansu masu sana'ar ne, a ce bismilla. Abin da hannunka ya fitar shi ne kundinka, tare da rubutun da zai bayyana dalilinsa. A Amurka da shi ake koyar da zane da ƙira a jami'a, ba sai mutum ya yi digirin digirgir ba. Birnin nan kuwa cike yake da masu bayar da shi ko makamancinsa: Pratt a Brooklyn wadda aka kafa a 1887, Parsons tun 1896, FIT tun 1944, School of Visual Arts tun 1947, ga Columbia, ga Hunter. Kowacce tana yaye ɗalibai duk bazara, duka kuma kasuwa ɗaya suke nufa.

Aikina a kan rini ne. Rabin yadin Kawu ne ya rina a Kura ya aiko ta hannun wani matafiyi, rabi ni nake rinawa a nan. Ina so in jera su, in ga me zai faru.

Talata, 21 ga Oktoba

Yini guda a kan durom ɗin shuni. A nan ba a haƙa rijiya, ba a zuba baba da toka da katsi a jira kwanaki har ruwa ya nuna. Hanyar da aka koya mana ta wani Bafaranshe ce, Michel Garcia: kashi ɗaya na garin shuni, biyu na farar ƙasa, uku na sukarin 'ya'yan itace, a ruwan zafi. Cikin yini ya haɗu.

Dalilin duka ɗaya ne. Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba ya kama zare sai an raba shi da iska a cikin ruwa mai kaifi. A karofi ƙwayoyin halitta ne ke yin wannan aiki a hankali yayin da baba ke ruɓewa. A durom ɗina sukari ne ke yi. In ka tsoma yadi ka ciro sai ya fito kore-kore, iska na bugunsa yana juyewa shuɗi a gaban idonka. Wata 'yar ajinmu daga Koriya ta tsaya tana kallo har ta manta da shayinta.

Bambancin da na gani yana wajen aunawa. Ina da takardar gwada kaifin ruwa, da ma'aunin zafi, da littafin da nake rubuta komai. Kawu yana da hanci da harshe da kalar kumfa. Nawa yana ba ni shuɗi mai kyau, amma bai kai duhun nasa ba, ko na tsoma sau nawa. Mai kula da ɗakin rini ya ce in daina kwatantawa, ruwan New York daban. Wataƙila. Ni dai na san shekara nawa Kawu ya yi a bakin rijiya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Ranar aikin ɗakin karatu. Bizar ɗalibi ta yarda da awa 20 a mako a cikin makaranta, ba ƙari, kuma da wannan nake biyan jirgin ƙasa da zare da shinkafa. A 2025 kowace shiga jirgi dala 2.90 ce.

Ga wanda ke son sanin lissafi: kuɗin makaranta kaɗai a manyan makarantun zane masu zaman kansu na birnin nan ya haura dala dubu 50 a shekara. Da dala tana kusan naira 1,500 a Oktoban 2025, ana maganar miliyan 75 ke nan, ba haya, ba abinci, ba kayan aiki. Hunter da FIT na gwamnati ne, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni tallafi ne ya ɗauke mini kaso mai tsoka, sauran kuma ɗakin da Hajiya ta ba ni a Bronx a farashin 'yar gida. 'Yar zangon Kumasi ce, ta fi shekara ashirin a nan, Hausarta da ɗan gishirin Gana. Da ba don ita ba da tuni na koma.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na so zuwa Cooper Hewitt, gidan tarihin ƙira da ke tsohon gidan Andrew Carnegie, amma yana ƙarƙashin Smithsonian, su kuwa sun rufe ƙofofinsu tun 12 ga wata saboda rikicin kasafin kuɗin da ya tsayar da gwamnatin tarayya. Sai na wuce Harlem, cibiyar Schomburg da ke titi na 135, wadda ke bikin cika shekara ɗari a bana.

Malamar da ke duba rubutuna ta ce babin tarihi ya yi kirari da yawa, hujja kaɗan. Ta yi gaskiya, haka muke rubutu a kan Kano. Kowa ya san a ce marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, a tsaya nan. Yau na zauna da abin da za a iya dafawa. Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa Murzuk da Ghat da Tarabulus da Tambutu. Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero, digirinsa na uku na 1975 a kan wannan ciniki na rinannen tufafi ya yi shi, ya nuna yadda garuruwan karkara irin su Kura suka riƙe shi. Colleen Kriger ta fitar da littafinta kan tufafi a tarihin Afirka ta Yamma a 2006. David Heathcote ya yi shekaru a Zariya yana nazarin ɗinkin babbar riga, aska biyu da aska takwas da sauransu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausa a Landan a 1976.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan sana'a ta masu fitar da kaya waje ce tun asali. Turkuɗin da Buzaye ke naɗawa an yi shi ne don kasuwar nesa, da sanin abin da mai saye ke so: siririyar saƙa, rini har ya yi baƙi, sannan a kai mabuga a buga da garin shuni har ya ɗauki ƙyalli. Mai kuɗi ya ba da jari, masaƙi ya saƙa, maɗinki ya haɗa, marini ya rina, mabugi ya buga, fatake su ɗauka. A ajinmu ana kashe mako guda ana tattauna yadda kaya ke tafiya daga hannu zuwa hannu har kasuwa, ana zana shi a allo kamar sabon ilimi. Sai kuma 1897, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti, wanda ya karya noman baba a Indiya, daga baya ya iso mana.

Sunayen da na lissafa a sama duk na marubuta ne. A cikin waɗanda suka tsoma hannu a rijiya a zamanin Barth, ban ci karo da sunan ko ɗaya ba yau.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Juma'a a masallacin Malcolm Shabazz, titi na 116. Bayan an idar na bi shagunan 'yan Senegal da Mali da Gine. Shadda iri-iri, mai tsadar ta Getzner ce daga Ostiriya, atamfar manya ta Vlisco ce daga Holan, sauran na Sin. Daidai da abin da za ka tarar a Kantin Kwari. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta daɗe da yin shiru. Wani dattijo mai shago ya ji ina waya da Hausa, ya ce shi Bazabarme ne daga Yamai, ya tambayi me nake karanta. Da na gaya masa sai ya ce, "To 'yata, in kin gama ki yi mana wanda za mu iya sayarwa." Ban ba shi amsa ba, amma na rubuta maganar a littafina, don ba a taɓa yi mini wannan tambaya a aji ba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Gidan tarihi na Met. Ɗaliban jihar nan abin da suka ga dama suke biya, na ba da dala ɗaya ban ji kunya ba. Yau ce ranar ƙarshe ta baje kolin Superfine, kan kwalliyar maza baƙar fata, wanda Monica Miller ta kwalejin Barnard ta jagoranta. Layi har waje.

Na fi daɗewa ina tunanin Dapper Dan. Tela ne ɗan Harlem, ya buɗe shago a titi na 125 a 1982, yana buga tambarin manyan kamfanonin Turai a kan fata yana ɗinka wa mawaƙa da 'yan dambe. Ƙararraki suka rufe shagon a 1992. A 2017 Gucci ya fitar da wata riga da kowa ya ga kwafin tasa ce, aka yi ca a kansu a intanet, ƙarshenta suka haɗa gwiwa da shi, ya sake buɗe ɗakin ɗinki a Harlem. Abin da ya cece shi an san sunansa, akwai hotunan aikinsa da kwanan wata. Da marini ne na Kura, wa zai yi ca?

Daga nan na sauka ɓangaren Michael C. Rockefeller, inda kayan Afirka suke, wanda aka sake buɗewa a 31 ga Mayu bayan shekaru ana gyara. Inda aka san maƙeri ko masassaƙi an rubuta sunansa, kamar Olowe na Ise, Bayaraben da ya sassaƙa ginshiƙan fada. A wurare da yawa kuwa sunan ƙabila ne da ƙarni. Na tuna Ladi Kwali. Gwanar tukwane ce tun kafin ta shiga cibiyar Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, amma daga nan ne sunanta ya fara bin tukunyarta, har ya kai bayan naira ashirin.

A jirgin komawa na yanke shawara: duk yadin da Kawu ya rina, sunansa zai hau takardar bayani kafin nawa.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na kira Kawu da hantsi, su can la'asar ta kusa. Bayan gaisuwa na gaya masa shawarar da na yanke, ina jiran ya ji daɗi.

Ya ce, "Madalla. Sunan zai zo da oda?"

Na ce ban sani ba tukuna, Kawu.

Ya ce, "To ki sa, ba laifi. Amma ni abin da na fi so, in za a yi aiki a faɗa da wuri, a ba da kuɗin kaya a gaba. Yaran nan duk sun tafi acaba, wanda ya rage sai na biya shi kullum." Sannan ya tambaya ko na kai nawa an buga. Na ce babu mabuga a New York. Ya yi dariya har da tari, ya ce yadin da ba a buga ba ai ba a gama shi ba.

Na tambaye shi wani abu da na daɗe ina kewayewa: wannan da ya aiko, baba ne zalla ko da na kanti? Ya ce da na kanti kaɗan, kowa haka yake yi yanzu, in ba haka ba ba za a fita ba. Ya faɗa ne hankali kwance. A rubutuna na sa "rinin gargajiya zalla". Dare ya yi ina gyara babin, kuma ya fi na da ƙarfi, don yanzu akwai mutum a ciki mai lissafin riba da faɗuwa.

Talata, 28 ga Oktoba

Na samo guntun katako mai nauyi a ɗakin sassaƙa da gudumar itace, na yi awa biyu ina bugu a ƙasan bene. Ƙyallin ya ɗan fito. Kafaɗa ta mutu.

Laraba, 29 ga Oktoba

An ba ni minti arba'in. Na rataye yadin biyu-biyu, na Kura da na Manhattan, da takardar bayani a ƙarƙashin kowanne. A gefe na sa ƙaramin gwajin da na yi a injin saƙa na kwamfuta, TC2, ƙirar Norway, wanda ke ɗaga kowane zare shi kaɗai, na kwaikwayi siraran layukan saƙar gida a faɗi ɗaya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ka'idar zaman ita ce mai aiki ya yi bayani kaɗan ya yi shiru. Ana magana a kanka kana tsaye, ba ka kare kanka sai an tambaye ka. A Zariya, a sashen ƙirar masana'antu inda na yi digirin farko, malami ne ke duba aiki ya ba da maki, ɗalibi ya ce na gode. A nan yarinya 'yar shekara ashirin da uku za ta ce wa aikinka bai gamsar da ita ba, malami ya gyaɗa kai. Shekarar farko na sha kuka a banɗaki. Yanzu na gane wannan zaman shi ne abin da ake biya wa kuɗin. Injin ana iya samunsa a wani wuri.

Malami na farko ya yaba duhun na Kura, ya ce nawa kusa da shi kamar ɗalibi ne a gaban malaminsa, ya tambaya ko da gangan ne. Na ce da gaske ne dai. Aka yi dariya.

Baƙuwar, mai shirya baje koli ce, ita ta taɓo inda ke ciwo. Ta ce sa sunan marini abu ne mai kyau, amma yanzu ya zama ado a birnin nan, kowane kanti na rataye hoton wata tsohuwa mai saƙa. Ta ce, in an sayar, nawa ne nasa? Wa ya zaɓi launi da faɗi? In shi ya rina, ke me kika ƙara wanda ba zai iya yi ba? Na gaya mata maganar Kawu ta oda da kuɗin gaba. Ta ce to wannan shi ne aikin, ki tsara shi yadda kike tsara yadi.

Ban yarda da kowa ba. Wani ɗan aji ya ce in bar injin kwamfuta gaba ɗaya, yana ɓata tsarkin abin. Wannan ra'ayi na san shi, na masu son Afirka ta tsaya cak ne don su zo kallo. Na ce masa mutanen da nake magana a kansu sun karɓi alharinin da ya ƙetaro Sahara, sun karɓi zaren kanti, sun karɓi shunin Jamus, duk abin da zai sa kaya su tafi. Na kawo masa 'yan ƙungiyar zane ta Zariya ta 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda tun kafin 'yancin kai suka ce za su ɗauki dabarar Bature su haɗa da ta gida ba tare da neman izini ba. Malamata ta rubuta sunayen. Babu wanda ya san su a ɗakin sai ita, ita ma Okeke kaɗai.

Hukunci: an amince in ci gaba. Sharaɗi biyu. In rage bayanin tarihi a bango, yadin ya yi magana. In kawo rubutacciyar yarjejeniya tsakanina da marina kafin ƙarshen zango, da farashi da kason kowa, a matsayin ɓangaren aikin da za a ba maki.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya, tituna sun cika, jirage sun yi ta jinkiri. Ban fita ba. Hajiya ta yi waake da shinkafa irin na zango, ta ce, "Ɗiyata, sun ce kin ci?" Na ce sun ce in ci gaba. Ta ce ai shi ne ci.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo kafin biyar, tazararmu da gida ta zama awa shida. Masu gudun fanfalaki sun ratsa Bronx da Harlem, an toshe hanyoyi.

Na zauna da lissafin yarjejeniya, ya fi rini wuya. Kuɗin fari, ladan masaƙi, ladan marini, ladan mabugi, jigila, kuɗin fito. In na sa farashin da zai biya kowa daidai, dattijon titi na 116 ba zai iya sayarwa ba, sai kantunan masu hannu da shuni na ƙasan Manhattan. In na sauke, Kawu ne zai ɗauki asarar, kamar kullum. Na raba kayan gida biyu: manyan zannuwa na bango masu tsada, da ƙananan mayafai da za a iya yi da yawa. Kuɗin kaya rabi a gaba. Na tura wa ɗan Kawu ya karanta masa, ya dawo da gyara ɗaya, a sa sunan mabugin ma.

Talata, 4 ga Nuwamba

Ranar zaɓen magajin gari. Hajiya ta fita tun sassafe da sabon mayafi, da dare aka ce Zohran Mamdani ya ci, Musulmi na farko da zai riƙe birnin. Gidan ya kaure da waya har Kumasi.

Ni kuwa ina amsa saƙonnin ƙannenmu na Zariya da Kano masu tambayar yadda ake zuwa. Yawancin makarantun nan a Janairu suke rufe karɓar takardu, kuma hotunan aikinku suka fi dubawa, sama da sakamakon digiri. Ku ɗauki hoto mai kyau na duk abin da kuka yi, da kwanan wata, da sunan duk wanda ya sa hannu. Kada ku sayi tikiti sai tallafin ya zo a rubuce, da adadinsa, na shekara biyun. Ku sani a Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar da Amurka ke ba 'yan Nijeriya ta shiga ɗaya ta wata uku, wanda ya je gida hutu sai ya sake nema. Bayan kammalawa izinin aiki na shekara ɗaya ne, sai kwasa-kwasan da aka lissafa cikin kimiyya da fasaha, su ake ƙara wa shekara biyu. Kafin duk wannan, wanda ke son rini ya je Kura ko Ƙofar Mata, mai son fata ya je majema, mai son ɗinki ya zauna gaban masu aikin riga a birnin Zazzau, ya yi ko da wata shida, ya biya kuɗin koyo.